Daga Tiga zuwa Gashuwa: yadda aka tsara ruwan kogin Haɗejiya

Ɗan Guri: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk shekara in damina ta yi nisa sai a cika wurin nan da hotunan ambaliya, in rani ya kama a koma kukan ciyawar kachala da ke toshe hanyoyin ruwa, amma ba mu taɓa zama mun bi asalin lamarin ba. Ina so mu tattauna tarihin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, tun daga kafa ta zuwa yau. Ni dai abin da na yi imani da shi, an tsara aikin ne da idon mutanen sama, na Kano, ba a yi lissafin mu da ke ƙasan kogi ba. Mai ganin ba haka ba ne, ga fili.

Injiniya Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka taɓo abin da na yi rayuwata a kai, don haka a yi mini haƙuri in na yi tsawo.

Sai an fara tuna halin da ake ciki a lokacin. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya arewa, dabbobi sun mutu, hatsi ya ƙone a gona, ga kuma kuɗin man fetur sun fara shigowa. Gwamnatin Audu Bako a tsohuwar jihar Kano tun kafin farin ta riga ta ɗauki hanyar gina madatsun ruwa. Bagauda ta zo da wuri, sannan Tiga, wadda aka kammala a 1974 a kan kogin Kano. Daga Tiga aka ja babbar hanyar ruwa ta bi ta Ruwan Kanya ta sauka Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Kashi na farko na aikin an tsara shi a kan hekta 22,000.

Ita gwamnatin tarayya a 1973 ta kafa hukumomi biyu, ta Tafkin Chadi da ta Sakkwato-Rima. A 1976 aka fitar da dokar soja da ta raba ƙasar duka gida 11 bisa koguna, a nan tamu ta Haɗejiya da Jama'are ta fito, hedikwatarta a Kano, ta karɓi Tiga da aikin Kadawa daga hannun jiha. Tunanin ba namu ba ne na farko. Amurka ta yi irinsa a kwarin kogin Tenesi tun 1933, inda hukuma ɗaya ta riƙe kogi da duk abin da ya rataya a kansa, ƙasashe da yawa kuma suka kwaikwaya. Manufar mai kyau ce: kogi ba ya bin iyakar jiha, don haka mai kula da shi ma kada ya bi.

Ɗan Kura: Allah ya saka da alheri Baba Injiniya. Ni ina so Ɗan Guri ya zo Kura ya gani da idonsa. Kakanninmu da an gama girbi sai cin rani, wasu Kurmi, wasu birni dako. Yau mutum yana noma sau biyu, wani sau uku a shekara. Shinkafa da damina, tumatir da alkama da albasa da rani. Kasuwar Kwanar Gafan kaɗai motoci nawa take lodawa zuwa Legas? Injinan casar shinkafa da ke Kura mata da matasa nawa suke ci a ƙarƙashinsu? Ruwan famfon birnin Kano na Tamburawa ma ai daga Tiga yake. A yi adalci wajen magana.

Ɗan Guri: Ban musa ko ɗaya ba ɗan'uwa. Allah ya ƙara muku albarka. Tambayata ita ce, da aka zauna lissafin ribar Kura, an sa asarar Guri da Kirikasamma da Nguru a cikin takardar?

Malamar Jogarafi: Ba a sa ba, kuma wannan ba zargi ba ne, abu ne da masu bincike suka rubuta. Amma bari in shimfiɗa taswirar tukuna, don na lura da yawa a zauren nan ba su san yadda kogunan suke haɗuwa ba.

Kogin Kano da na Chalawa suna gamuwa kafin Wudil, daga nan sunansa kogin Haɗejiya. Ya bi ta Ringim ya isa Haɗejiya. Da ya wuce garin sai ya shiga ƙasa mai laushi, shimfiɗaɗɗiya, mai tsofaffin jigayin rairayi a jere, sai ya rasa hanya ɗaya ya rarrabu. Akwai reshen Kafin Hausa da ya rabu tun kafin a kai garin, akwai tsohon kogi, akwai Burum Gana, akwai Marma da ke zubawa a tafkin Nguru. Ta kudu kuma kogin Jama'are yana gangarowa daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi da Katagum. Su biyun suna haɗuwa wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke bin Gaidam, ya zama iyakar Najeriya da Nijar, ya faɗa Tafkin Chadi.

Wannan wurin da ruwa ke bazuwa shi ne fadamar Haɗejiya da Nguru. A shekarun ruwa na da, ambaliyar tana rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farin 1984 wajen 300 kawai ta rufe. Fari yana da nasa laifin, dam yana da nasa, kuma sun zo a lokaci guda, shi ya sa aka daɗe ana gardama a kan wanne ya fi.

Baban Masunta: Malama, ki bar ni in faɗi yadda fadamar take aiki, don wanda bai zauna cikinta ba gani yake ruwa ne kawai ke ɓata a daji.

Ruwa yana zuwa cikin Agusta, ya cika a Satumba. Kifi ya bi shi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Mai shinkafa ya riga ya shuka tun ruwan farko, tana tashi tare da ambaliya. Da ruwa ya fara ja, mu masunta mu tare bakin tafkuna, tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, kurungu. Inda ruwa ya janye ƙasa na da danshi, sai a bi shi da wake, ba ban ruwa ba taki. In an cire wake, Fulani su sauko da shanu su ci harawa da ɗanyar ciyawa har faɗuwar damina, su bar kashi a gona. Mata na yankar kaba, ana ɗiban goruba, ana samun itace. Fili ɗaya mutum huɗu ko biyar ke ci a cikinsa, kowa da watansa, kuma sarkin ruwa da bulama sun san ranar kowa. Sannan ruwan da ya kwanta wata uku yana nutsewa ƙasa, shi ne rijiyoyin garuruwan tudu ke sha har nesa da kogi.

Duk wannan ya tsaya ne a kan abu biyu: ruwa ya zo da ƙarfi, kuma ya tafi. Tafiyar tasa tana da muhimmanci kamar zuwansa.

Injiniya Mai Ritaya: Alhaji ya faɗi zuciyar maganar. A makaranta an koya mana auna yawan ruwa, ba a koya mana auna lokacinsa ba. Aikin dam shi ne ya riƙe ruwan damina ya sake shi da rani. Tiga ta fara, sai madatsar Chalawa da ke ƙasar Ƙaraye ta zo a 1992, su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Sakamakon haka ƙarfin ambaliyar damina ya ragu, kogin da ke bushewa da rani kuma ya koma yana gudu shekara duka, don dole a saki ruwa saboda birnin Kano da masu noman rani.

Kachala ciyawa ce da ke son ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da, rani ke kashe ta, shanu su tattake, wuta ta cinye saura. Da ƙasa ta daina bushewa sai ta samu gida. Ta cika hanyoyin ruwa, ta rage masa gudu, laka ta kwanta a gindinta, hanyar ta cushe. Babu kuma babbar ambaliyar da za ta wanke lakar. Shi ya sa Burum Gana da tsohon kogi suka toshe, ruwa ya karkata Marma ya kwanta a kan gonakin mutane shekara da shekaru, can gaba kuma wasu na neman ɗigo.

Maman Ummi, Nguru: Ga tsuntsayen jan baki kuma Baba. Cikin kachalar suke kwana su hayayyafa. Yara tun asuba suna gona da gwangwani suna kora, makaranta ta sha kashi. Sauro ba a magana. Hanyar da ake bi da mota zuwa wasu ƙauyuka ta koma sai kwalekwale, shi ma sai an sare hanya. Mace mai naƙuda a irin wannan wuri sai dai addu'a.

Ɗan Kura: Wallahi Hajiya abin da tausayi. To amma mafita a rufe Tiga ne?

Malamar Jogarafi: Babu mai hankalin da ya taɓa cewa a rufe. Abin da aka nema tun farko shi ne a canza yadda ake sakin ruwan.

Nan ne ɓangaren kiyaye muhalli ya shigo tarihin. A 1987 aka fara Shirin Kiyaye Fadamar Haɗejiya da Nguru, ofishinsa a Nguru, da hannun ƙungiyar kiyaye muhalli ta duniya IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya. Gaskiya tsuntsaye ne suka fara jawo Turawa, don agwagin ruwa da ke barin Turai lokacin sanyi suna ƙetare Sahara su sauka nan, su haɗu da namu irin su kirinjijiya da ɗinya. Har Yarima Filip mijin Sarauniyar Ingila ya zo Dagona a 1989. Amma ma'aikatan shirin ba su daɗe ba suka gane cewa ba za a kare tsuntsu ba sai an kare ambaliya, ambaliyar kuma ita ce abincin mutane. Sai suka koma auna ruwa, da ƙirga abin da fadama ke samarwa. Dakta Muhtari Aminu-Kano na cikin waɗanda suka riƙe aikin.

Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka ɗauki noma da su da itace na fadama, suka kwatanta da amfanin aikin Kadawa, bisa yawan ruwan da kowanne ke sha. Fadama ta fi nesa ba kusa ba. Kuma ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin farko ba. Shawarar da ta fito ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Chalawa a tsakiyar damina don a kwaikwayi ambaliyar asali, a rage saki da rani.

Ɗan Kura: Malama ina da ja a nan. Lissafin da aka yi shekara talatin da suka wuce, lokacin aikin Kadawa bai kai ko'ina ba, ba a fara shinkafa irin ta yau ba, ba masana'antu. A sake shi yanzu a gani.

Malamar Jogarafi: Wannan ja ne mai ma'ana, na yarda amfanin Kura ya ƙaru sosai. Amma ka tuna mutanen fadama ma sun ƙaru, kuma su ma sun shiga noman rani da injin ban ruwa tun lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987. In za a sake lissafi, a sake shi ga kowa. Abin da nake ƙi shi ne a sake yin irin na farko, inda aka ɗauki ruwan da ya wuce Wudil kamar ya tafi a banza.

Bakatagume: Ku ba mu dama mu ma mutanen Bauchi. Dam ɗin Kafin Zaki tun zamanin Shagari aka fara, aka dakatar a 1984, har yau ana ta alkawari. Kano ta samu biyu manya da ƙanana barkatai, mu ko ɗaya a kan Jama'are ba mu da shi. Duk lokacin da aka tayar da maganar sai Yobe da Borno su ce a'a. Matasanmu ba su cancanci noman rani ba ne?

Malam Na Gashuwa: Sun cancanta, yayana, kuma ba ƙiyayya ba ce. Ka dubi abin da ya rage mana. Tun da hanyoyin Haɗejiya suka toshe, yawancin ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Gashuwa na Jama'are ne, don shi kaɗai ne ba a datse ba. Shinkafar Bade, kifin da ake yi wa bikin kamu a Gogaram, rijiyoyin Gaidam, duk a kansa suke. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. An riga an yi mana sau ɗaya ba a tambaye mu ba. In za a gina Kafin Zaki, a fara rubuta nawa za a saki, a wane wata, wa ke riƙe da mabuɗi, kuma wa za mu kai wa ƙara in an saɓa.

Kuma ga wani abu da Baba Injiniya bai ƙarasa ba. An ce hukuma ɗaya ga kogi ɗaya, amma a aikace kogin nan an raba shi biyu. Sama yana hannun hukumar da ke Kano, ƙasa, wato Yobe da Borno, yana hannun Hukumar Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Mai buɗe ƙofar dam ba shi ke amsa kukan wanda ke ƙarshen kogi ba. Da aka ƙirƙiri Jigawa da Yobe a 1991 ma sai masu ruwa da tsaki suka ƙaru, kowace jiha da nata buri.

Injiniya Mai Ritaya: Haka yake Malam, kuma a ganina wannan ne babban gurbin da dokar 1976 ta bari. Ta ba hukumomin aikin gina dam da shimfiɗa gonaki, har da noma da kiwon kaji a wani lokaci, kafin a rage musu aiki a shekarun tsuke bakin aljihu. Hukumar da ake auna nasararta da yawan hektar da ta shayar, ba za ka sa ran ta zama alƙalin rabon ruwa tsakanin gonakinta da na wasu ba. Mai amfani da ruwa daban, mai raba shi daban, haka ya kamata.

Ɗan Diffa: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan muna sauraro ne da kyau, don ruwan da kuke magana shi muke jira kowace shekara. Tattasan Diffa da ake kai wa har kasuwanninku da ruwan Komadugu ake yin shi, daga Mainé har Boso. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashenmu biyu a kan raba ruwan kogunan da muka haɗa, Komadugu na ciki. Hukumar Tafkin Chadi ta ƙasashe kuma tun 1964 take. Takardu akwai su. Abin da manomi ke so shi ne ya san ranar da ruwa zai iso da ranar da zai ja, ya daidaita shukarsa.

Maman Ummi, Nguru: To wai duk wannan bincike da aka yi, ba a taɓa zama an sasanta ba?

Malamar Jogarafi: An zauna Hajiya. A shekara ta 2000 tafkin Nguru da hanyar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, Baturiya da Dagona suka biyo a 2008. Mafi muhimmanci shi ne taron Damaturu na 2006, zamanin Obasanjo, inda jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka amince da tsarin kula da kogin gaba ɗaya, suka kafa asusun amana mai ofis a Damaturu. Na sama da na ƙasa suka sa hannu a takarda ɗaya. An yi aikin yashe wasu hanyoyin, an tsara kundin rabon ruwa. Sai dai asusu ba shi da iko a kan ƙofar dam, kuma gwamnoni na canzawa.

Daga baya shirin gyara noman rani na Bankin Duniya mai suna TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, ya gyara hanyoyin ruwan Kadawa da na kwarin Haɗejiya a Auyo, wanda Buhari ya buɗe a farkon 2023. A 2020 kuma aka amince Baturiya ta shiga cikin sababbin gandayen daji na ƙasa.

Baban Masunta: Ni abin da na gani ya yi aiki da idona shi ne gayya. Garuruwa su haɗu, kowa da laujensa da kwalekwalensa, a shiga ruwa har wuya a sare kachala a ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe. In an buɗe hanya, cikin kwanaki sai ka ji garin gaba sun aiko ruwa ya iso. Amma aiki ne mai cin jiki, ga cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan, kuma in ba a bar wurin ya bushe ba bayan shekara biyu ta dawo. Injinan yankan da gwamnatin Jigawa ta kawo sun taimaka, su ma dai yanka suke yi, ba sa hana ta tsirowa.

Gandun daji kuma ina roƙon a yi shi da mutane. In aka hana su da kiwo da yankan kaba ba tare da an zauna da masu yi ba, rigimar manoma da makiyaya da ake fama da ita a Guri da Kirikasamma ƙaruwa za ta yi, don fili ya riga ya ƙanƙance, kachala ta cinye burtali da mashaya.

Ɗan Guri: Baba Injiniya, tambaya ta kai tsaye. A ilmance, za a iya ba Kura ruwanta, a ba birnin Kano nasa, kuma a bar mana wata biyu ko uku na bushewa?

Injiniya Mai Ritaya: Za a iya kusantar haka, amma da sharuɗɗa. Ruwan Kadawa ta hanyarsa ta daban yake bi daga Tiga, matsalar ita ce rarar da ke komowa kogi saboda ana buɗe fiye da buƙata, da wanda ake saki don ya kai bakin famfunan birni, da wanda ake turawa Auyo. In aka gyara wurin ɗiban ruwan birni yadda ba sai an cika kogi ba kafin injin ya kama, aka sa ƙungiyoyin manoma suna karɓar ruwa bisa awo, rarar za ta ragu sosai. Sannan a gina ƙofar raba ruwa a Likori, inda Marma da Burum Gana suka rabu, a riƙa ba wannan reshe ana busar da wancan bi da bi. Sakin damina kuma dole a yi shi da wuri kuma da sanarwa, kada a jira dam ya cika maƙil a Satumba ruwa ya kwararo ta kansa a kan wanda sama ke zubarwa, irin abin da ke haɗuwa ya cinye Ringim da Auyo da Haɗejiya a shekarun ruwa kamar 2022. Duk wannan yana buƙatar ma'aunan ruwa masu aiki a Wudil, Haɗejiya, Likori da Gashuwa, a riƙa karanta su kullum ana faɗa a rediyo.

Ɗan Kura: In dai awo ne zai sa ruwa ya isa ƙasa, mu ba mu ƙi ba. Mu kanmu na ƙarshen layi a Kura muna shan wahalar na farkon layi da ke barin ruwa na malala a hanya. Zan kai maganar taron ƙungiyarmu na wannan wata.

Malam Na Gashuwa: Ka kai, Allah ya ba da sa'a. In kun sa rana ku sanar a nan, akwai manoman shinkafa biyu daga wajenmu da za su so su zo su ji, su kuma faɗi watannin da suka fi buƙatar ruwa.